Jan Alƙalamin Wani Dattijo a Birni: Sharhi Kan Aikin Mai Duba Littattafai

Bara, gab da azumi, na kammala wani dogon littafi na jarumta da almara wanda na shafe shekara 3 ina fama da shi. Da na rasa wanda zai faɗa mini gaskiya a kansa, domin abokaina duk abin da na tura musu amsarsu ɗaya ce, wai ya yi daɗi in ci gaba, sai wani ɗalibi na Jami'ar André Salifou ta nan Zinder ya kwatanta mini gidan wani dattijo a unguwar Birni, wanda yake karɓar rubutun marubuta ya duba a biya shi. Wannan sharhi a kan aikin dattijon ne. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba shi da allo a ƙofa, ba ya talla, kuma duk wanda yake harkar rubutu a Damagaram idan ya tambaya za a nuna masa zauren.

Tsohon malamin makaranta ne, cikin waɗanda suka koyar da Hausa a makarantun gwaji masu harshe biyu, irin waɗanda aka fara buɗewa a nan Zinder a 1973. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba ya sassauta su. Ba ya karɓar rubutu ta waya ko ta kwamfuta, sai an buga a takarda, a bar fili a gefe inda zai yi rubutu. Ba ya karɓar littafin da ba a gama ba. Kuɗin aikinsa a kan littafina jaka 40 ne, wato sefa dubu 40, rabi a farko rabi a ƙarshe, kuma a cikin kuɗin akwai zama uku da marubuci, kowane zama daga bayan la'asar zuwa magariba. Wanda zai je ya sa kuɗin bugu a lissafi, domin ni shafi 412 na kai, kowane shafi dala 5 (sefa 25) a wani shagon fotokofi kusa da Kasuwar Dole, wato jaka 10 da dala 60 kafin ma Malam ya buɗe shafin farko.

Dole in ɗan faɗi abin da littafin ya ƙunsa, in ba haka ba sauran bayanin ba zai fito ba. Labarin wani birni ne mai ganuwa a tsakiyar duwatsu, wanda manyan dauloli biyu suka sa a tsakiya. Babban tauraro ɗan maƙeri ne, wanda ya samo ƙarfe daga wani dutse da aljanu suke zaune a ciki, ya ƙera igwar da babu rundunar da take iya tsayawa gabanta. Akwai sarki mai rauni, akwai waziri maci amana, akwai gimbiya. Babi 41 ne, kuma a cikinsu an gwabza yaƙi sau 17. Tunanin igwar ya zo mini ne daga tarihin garinmu, domin an san cewa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, a nan cikin gari ake ƙera igwa ana haɗa albarushi. Ina alfahari da wannan tunanin, kuma na je zauren ina sa ran a yaba shi.

A zaman farko Malam bai ko ambaci igwar ba. Ya ajiye takardun a kan buzu, ya ce: "Ɗana, wannan yaron naka tun a shafi na 1 ya gama girma. Me ya rage masa da zai sa in bi shi shafi 400?" Daga nan ya buɗe wurare 6 da ya naɗe kusurwarsu, daga farkon littafin har ƙarshensa, ya karanta mini yadda ɗan maƙerin yake amsa magana a kowanne. Na ji da kunnena cewa mutum ɗaya ne bai gusa ba: mai haƙuri a babi na 2, mai haƙuri a babi na 40, jarumi kafin ya ga yaƙi, jarumi bayan ya ga gawar abokinsa. Bayanin da ya yi mini a kan wannan shi ne abu mafi amfani da na samu a duk aikin. Ya ce mu da muka tashi da tatsuniya mun saba da taurarin da ba sa sauyawa. Gizo na daren jiya shi ne Gizo na daren yau, wayonsa da kwaɗayinsa ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, kuma hakan bai taɓa ɓata tatsuniya ba, domin daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus" ba a fi ɗan lokaci kaɗan ba. Amma wanda ya ɗauki wannan ƙa'ida ya shimfiɗa ta a kan littafin da za a yi mako biyu ana karantawa, ya ɗora wa mai karatu zaman jiran abin da ba zai zo ba.

Hanyar aikinsa tambaya ce, ba ya rubuta wa marubuci gyara. A gefen shafuka abin da ya fi yawa shi ne "me ya sa?" da "me yake tsoro?" da "wa ya gaya masa?", da jan alƙalami. A kan ɗan maƙerin ya tsare ni da tambaya guda har sai da na rasa amsa: yaron da ya tashi a gidan maƙera, wanda ya san cewa komai jarumtarsa ƴaƴan sarauta ba za su manta da asalin sana'ar gidansu ba, idan rana ɗaya aka kira shi fada aka shimfiɗa masa darduma, me hakan zai yi wa zuciyarsa? Ni na rubuta cewa ya yi godiya ya koma gida. Malam ya ce wannan amsar waliyyi ce, kuma waliyyi ba ya buƙatar babi 41. Daga wannan tambayar ce na gane aibin da ya dace da tauraron, wato yunwar a girmama shi, yunwar da za ta sa ya ci gaba da harba igwar ko bayan ya fara zargin cewa tana cutar da garin. Ba Malam ne ya faɗi wannan ba, ni na faɗa, amma da bai matsa ba da ban isa wurin ba, kuma a ganina wannan shi ne bambancin mai duba littafi na ƙwarai da wanda zai karɓe maka alƙalami ya mayar da littafinka nasa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne inda ya ce rai yake a cikin littafin. A babi na 9 akwai wata tsohuwa mai sayar da fura a ƙofar gari, wadda na saka don kawai ta nuna wa tauraro hanya, shafi 4 kacal ta fito. Malam ya zagaye maganganunta duka, ya rubuta a sama: "Wannan ce kaɗai na ji numfashinta." Da na sake karantawa na ga dalili. Tsohuwar tana da bashin da take bi, tana da jikan da take ɓoyewa kada a ɗebe shi yaƙi, tana yi wa tauraron ƙarya a kan abu ɗaya tana faɗa masa gaskiya a kan wani. Na rubuta ta ba tare da tsoro ba saboda ban ɗauke ta da muhimmanci ba, manyan taurarin kuwa na yi ta lallaɓa su kamar ƙwai har suka zama gumaka. Gimbiyar ita ce ta fi shan wannan lallaɓawa: a duk littafin ba ta yanke shawara ko ɗaya ba, ana sace ta ana ƙwato ta kamar akuyar gado. Shawarar Malam ita ce ko dai in ba ta abin da take so wanda ya saɓa wa abin da tauraro yake so, ko in cire ta. Ya kuma yi mini nuni da cewa a fadojin ƙasar Hausa mata masu sarauta irin su magajiya da iya suna da faɗa a ji, don haka gimbiyar da ba ta san komai ba sai kuka ba daga gidanmu na ɗauko ta ba.

A kan waziri muka fi daɗewa. Na yi shi mugu tun daga fitowarsa, mai jajayen idanu da dariyar ƙeta, yana sayar da asirin gari ga abokan gaba ba tare da an san abin da zai samu ba. Malam ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, sannan ya ɗauko misali daga tarihin da duk ɗan Damagaram ya sani. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a nan Zinder a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wanda ya ba da labarin daga ɓangaren Faransawa zai iya cewa cin amanar baƙo ne kawai, amma wanda ya tsaya inda sarkin yake tsaye zai ga Rabe ya riga ya ci Barno tun 1893, ga kuma Bature ya nufi gabas, ana tsoron ya je ya haɗa kai da shi. Shawarar ta jawo abin da ta jawo, domin a shekara mai bi aka yi karon Tirmini garin ya faɗa hannun Faransawa, amma ba shawarar mahaukaci ba ce, shawarar mai tsoro ce wanda yake da dalilin tsoronsa. Malam ya ce irin wannan dalilin yake nema a wurin wazirina, dalilin da mai karatu zai ji ya ce da ni ne a wurin, wataƙila da na yi haka. A sabon zubin, waziri shi ne mutum na farko da ya lura da ɓarnar igwar, wadda zan zo kanta a gaba, ya faɗa a fada aka yi masa dariya, daga nan ya yanke cewa gara garin ya miƙa wuya ya rayu da ya yi nasara ya mutu. Har yanzu maci amana ne, amma yanzu ina jin nauyin rubuta mutuwarsa.

Akwai kuma batun kirari, wanda na san ya shafi kusan duk masu rubuta littattafan yaƙi. Duk inda tauraron ya fito sai na zuba masa kirari na rabin shafi. Malam ya ƙirga 29, ya soke 25. Hujjarsa ita ce kirari yana faɗin abin da ake so a ɗauki mutum, ba ya nuna abin da mutum yake, kuma marubucin da ya jingina da shi ya zama maroƙin tauraronsa. Amma bai ce a zubar da shi duka ba, kuma nan ne na ga gwanintarsa. Ya ce in riƙe kirari ɗaya tak, kalmominsa kada su sauya, in maimaita shi sau 4 a wurare masu nisa da juna: ranar da aka fara yi masa shi yana jin kunya, ranar da ya fara jiran a yi masa, ranar da ya hukunta wanda bai yi masa ba, da ranar da aka yi masa shi a gaban matan da suka dawo daga rijiya da tulunan da babu komai a ciki (dalilin wannan zai zo a gaba). Kalmomi ɗaya, ma'ana huɗu. Mai karatu zai auna nisan da tauraron ya yi da kansa, ba sai an gaya masa ba.

Zama na biyu a kan zubi da tsari ne, kuma Malam ya zo da shiri. Ya haɗa manyan takardu biyu ya ja layuka, kowane babi da layinsa, a gabansa ya rubuta wanda yake neman wani abu, da abin da ya tare shi, da abin da ya sauya kafin babin ya ƙare. A babi 14 cikin 41 gurbin ƙarshe fanko ne. An yi tafiya, an yi yaƙi, an kashe dubbai, amma da za a cire babin a haɗa na gabansa da na bayansa babu wanda zai lura. Ya kuma ƙirga kalmar "kwatsam" ya samu 23, da "ana nan ana nan" 18, ya ce duk inda ya ga ɗayansu a farkon sakin layi ya san marubuci ya rasa hanyar da abin da ya wuce zai haifi abin da ke zuwa, sai ya jefo sabon abu daga sama. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi, kuma a cikin labari mai karatu yana da haƙƙin ya ga abin da ya tsamar da shi.

Na san inda wannan cutar ta samo asali, domin rabin farko na littafin a WhatsApp na fara sakinsa, shafi-shafi kowane dare. Wanda yake rubutu a haka dole kowane dare ya ƙare da abin da zai sa a dawo gobe, kuma hanya mafi sauƙi ita ce sabon maƙiyi ko sabon dodo. Abin yana aiki a waya, amma da aka tara shi wuri ɗaya sai ya zama kamar jerin buhuna, kowanne da nauyinsa, babu wanda yake ɗauke da wani. Yaƙe-yaƙena 17 suna girma ne a lissafi kawai: na farko dakaru dubu, na biyar dubu goma, na ƙarshe har na rasa adadin da zan faɗa. Malam ya ce yawan dakaru ba ya ƙara wa mai karatu fargaba, abin da yake ƙara ta shi ne abin da tauraro zai rasa idan ya faɗi, da abin da zai rasa ko da ya ci. Ya ba da shawarar a bar yaƙi 5, kowanne ya ci wani abu da ba zai dawo ba.

A nan ne ya iso kan igwar, da tambayar da ta juya littafin gaba ɗaya: "Wannan abin da aljanu suka ba da, me yake ci?" A zubin farko ba ta cin komai, ana harbawa ana nasara. Ya ce ko a labaran da kakanninmu suke bayarwa babu wanda ya taɓa karɓar kyautar aljani bai biya ba, kuma makamin da ba shi da farashi yana kashe labari tun ranar da aka ƙera shi, domin daga ranar an san ƙarshen kowane karo. Na koma gida a kan kabu-kabu ina juya tambayar, muka wuce layin jarkoki a bakin wani famfo, amsar ta zo da kanta. Duk ɗan garin nan ya san abin da ƙarancin ruwa yake nufi, kuma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Igwar za ta ci ruwa. Duk harbi ɗaya, rijiya ɗaya a garin za ta fara ja da baya.

Da na kawo masa wannan a zama na uku, bai tsaya yabo ba, ya shiga nuna mini yadda ake shuka abu a bar shi ya tsiro. Ya ce kada kowa a cikin labarin ya faɗi alaƙar igwa da rijiya kafin tsakiyar littafi. Bayan harbin farko, a sa wata yarinya ta yi ƙorafin cewa igiyar gugarsu ta gaza, a ƙara mata tsawon gaba guda, a wuce kamar ba komai. Bayan na biyu, farashin tulun ruwa ya tashi a bakin tsohuwar nan mai fura, a cikin zancen da ba na ruwa ba. Bayan na uku, masu rini su fara barin gari. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wadda za ta ɓaci ma haka. Abin da ake so shi ne mai karatu ya riga tauraro ganewa da kamar babi 3 ko 4, domin a wannan tazarar ce zai riƙa karatu zuciyarsa tana bugawa, yana ganin mutumin da yake ƙauna yana murna da abin da yake hallaka shi. Idan tazarar ta yi tsawo tauraro zai zama wawa a idonsa, idan babu ita kuma asirin zai faɗo kamar wani "kwatsam" na 24. Ban taɓa jin wanda ya auna wannan abu da adadin babi ba sai shi, kuma da na gwada na ga awon ya yi daidai.

Duk da haka akwai inda aikin nasa ya gaza, kuma wanda zai kai masa littafin almara ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Malam ba ya sakin jiki da aljanu. Duk wurin da suka yi magana sai ya rubuta a gefe cewa a rage, kuma sau 3 ya ba da shawarar a sa wani malami a cikin labarin ya yi wa jama'a wa'azi a kan haɗarin hulɗa da su. Na fahimci damuwarsa, kuma ni ma ba na son littafina ya zama tallar tsafi. Amma labarin da kansa yana nuna garin da ya bushe saboda wannan hulɗar, kuma a ganina rijiyar da ta ƙafe ta fi kowane wa'azi ratsa zuciya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da ya hana ni yi wa tauraro kirari don kada in gaya wa mai karatu abin da zai ji, shi ne kuma yake so in tsayar da labari in gaya masa darasin da zai ɗauka. Na faɗa masa haka cikin ladabi, na ce: "Malam, ai ƙa'idar da kuka koya mini ce take hana ni." Ya yi murmushi ya ce littafina ne, amma bai janye ba, kuma a ƙarshen da ya fi so tauraron yana tuba a gaban liman an yafe masa, ruwa ya dawo. Ban karɓa ba. A nawa ƙarshen ruwan ba ya dawowa duka.

Na biyu, yawan sanin tarihinsa, wanda ya amfane ni a kan waziri, yakan zama tarko. Birnin labarina ƙirƙirarre ne, yana kama da Damagaram amma ba ita ba ce. Malam kuwa sai ya riƙa gyara mini shi da ma'aunin tarihi: wannan sarautar ba ta zama a hagun sarki, ayarin gishiri ba ya tashi a wannan watan, tafiya irin ta Bilma ba ta yiwuwa a kwanakin da na faɗa. Wasu gyare-gyaren na karɓa da godiya, musamman na ayari, domin wanda ya san raƙumi zai yi mini dariya idan na sa shi ya yi abin da ba ya yi. Amma tsarin fadar da ni na ƙaga ba shi da wani asali da za a auna shi da shi sai kansa. Abin da almara take bukata shi ne dokokinta su tsaya yadda aka kafa su daga farko har ƙarshe, kuma a kan wannan bai ce komai ba. Ni da kaina na gano daga baya cewa a babi na 12 na ce aljanun ba sa iya ƙetare ganuwa, a babi na 33 kuma ga su a tsakiyar fada. Ya karanta wuraren biyu bai yi alama ba. Mai duba littafin almara bai kamata irin wannan ta wuce shi ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Ya yi alkawarin mako 3, aikin ya ɗauki mako 7, ko da yake azumi da wata rasuwa a danginsu sun shiga tsakani. Rubutun hannunsa a shafukan ƙarshe ya ƙanƙance har sai da na koma ya karanta mini wasu wuraren. A ƙa'idar rubutu yana bin tsarin Nijar sau da ƙafa, duk inda na rubuta 'y ya mayar da ita ƴ, wanda daidai ne a nan gida, amma wanda yake niyyar kai littafinsa maɗaba'a a Kano ya tuna cewa can ɗayan tsarin suke bi, ya yanke shawara tun da wuri don kada a yi aiki biyu. Bai kuma duba kurakuran bugu ba sai wanda idonsa ya faɗa a kai, kuma ya faɗa tun farko cewa wannan ba aikinsa ba ne, don haka ba zan riƙe shi da laifi ba.

Jaka 40 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga marubucin da bai taɓa sayar da littafi ba, kuma wanda yake neman a share masa rubutu a gyara waƙafi da aya ya mayar masa, zai fita daga zauren yana ganin an cuce shi, domin zai shiga da littafin da yake ganin ya gama ya fito da aikin wata shida. Wanda kuma zuciyarsa ba ta ɗaukar a ce tauraron da ya yi shekara 3 yana renonsa gunki ne, gara ya jira ta yi ƙwari. Amma marubucin da ya gama zubin farko na dogon labari, yana jin akwai abin da ya rasa bai san sunansa ba, ban san wani wuri a garin nan da zai samu irin wannan karatun ba. Ya dai shiga da sanin cewa a kan mutane da dalilansu da yadda ake gina fargaba zai saurara ya rubuta, a kan aljanu da dokokin duniyar da ya ƙaga kuma zai nemi wani ido na biyu, wanda ya saba da irin waɗannan littattafan.

Yanzu littafin ya sauko daga babi 41 zuwa 30, ina kan na 19 a sabon zubi. Tsohuwa mai fura ta samu babi 5 nata na kanta, gimbiya ce take riƙe da lissafin rijiyoyin gari a ɓoye, kuma Malam ya ce idan na gama in kawo ya sake dubawa a rabin kuɗi, da sharaɗin in bar masa fili a gefen takarda fiye da na wancan karon.